Daga takarda zuwa kunne: matsalar furuci a wasan rediyo

Wannan taƙaitaccen bayani ya shafi tambaya guda: mene ne rubutu ke ɓoyewa, wanda rediyo ke tilasta a bayyana?

Misalinmu shi ne littafin Tolkien, The Lord of the Rings (1954-1955), wanda BBC ta mayar wasan kwaikwayo a 1981, kashi 26, kowane minti 30. Tolkien masanin harshe ne, ya ƙago harsuna da sunaye. Mai karatu yana iya wuce suna bai furta ba; ɗan wasa kuwa tilas ya zaɓi furuci. A ƙa'idar marubucin, harafin c kullum [k] ne: Celeborn, Keleborn ake cewa. Shi ya sa ɗansa Christopher ya naɗa wa ƴan wasan kasat ɗin furuci.

Hausa ma tana da wannan giɓi. Rubutunmu bai nuna karin sauti ko tsawon wasali: gàrii na zama da gàarii na tuwo duka gari ake rubutawa. Jimla takan raba gardama a nan, amma ba ta taimako kan sunayen aljannu da ƙagaggun garuruwa. Saboda haka, mai shirin kai irin wannan littafi gidan rediyo ya fara da sa wa sunayen alamomin furuci.