Idan Ruwa Ya Ci Gona, Wa Zai Ɗauki Asara?

Tun da layin dogo ya taso daga Kano ya ratsa Malam Madori ya isa Nguru a 1930, yankinmu da alƙawari yake cin abinci. A wancan zamani gyaɗa ce: a ba dillalai kuɗi tun kafin kaka, su bazu ƙauyuka, kowa yana riƙe da maganar wani. Yau riɗi da shinkafa da kankana sun karɓi kasuwa, amma tsarin bai sake ba. Kuɗi su fita yau, kaya su zo bayan wata huɗu, tsakanin nan kuma akwai kogin Haɗejiya.

Mutane da yawa suna zaton yarjejeniya sai mai takarda da hatimin lauya. Ba haka ba ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya ce na sallama: ciniki ya faɗa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Jigawa suke hukunci da ita, wannan furuci ya ɗaure su ko da ba su tashi daga wurin ba. Dokar da muka gada daga Ingila ma abin da take nema ke nan: tayi, amincewa, abin da kowa zai bayar, da nufin a ɗauru da maganar. Sai kuma masu cinikin su zama baligai masu hankali, ba tilas, ba ha'inci, kayan kuma su halatta. A dokar nan, in ka ƙi tayi, tayin ya mutu. Ba ka da ikon bin mai saye bakin tasha ka ce dole ya biya kuɗin da ka raina ɗazu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Rigimar da na fi gani a ƙasarmu ba ta maƙaryata ba ce, ta mutanen kirki ce da suka ƙulla magana ba su ambaci ruwa ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, yadda ta shafe shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, ya san abin da nake nufi. Manomi ya karɓi kuɗin Alhaji a farkon damina kan zai kawo buhu goma. Ruwa ya kwashe gonar. Manomi ya ce, “Alhaji, ƙaddara ce, ka gani da idonka.” Alhaji ya ce, “Malam, ni ma kuɗin mutane ne.” Kowannensu gaskiya ya faɗa.

Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ciniki salam, kuma sun yi masa shinge. A biya kuɗin a farko, a yanke farashi, a faɗi irin shinkafar da ma'auninta da ranar kawowa, kuma kada a rataya ta ga gona guda. Bashi ne a wuyan manomi, ba a gonarsa ba. Saboda haka ambaliya ba ta sauke masa nauyi: in akwai shinkafa a kasuwa, sai ya saya ya cika, in ta yanke baki ɗaya, Alhaji ya zaɓa, ko ya jira ko ya karɓi kuɗinsa. Hukuncin da zafi, amma Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa wanda ke cikin matsi har ya samu. Abin da ban yarda da shi ba, kuma shari'a ba ta yarda ba, shi ne al'adar cewa “farashi sai kaka ta yi.” Kullum mai kuɗi ke yanka shi, ranar da shinkafa ta fi arha.

Wanda ya sayi lambun mangwaro ko gonar kankana a tsaye bayan amfanin ya fara nuna, hukuncinsa dabam. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo babin ja'iha: in annoba ta cinye sulusi ko fiye, a rage wa mai saye kuɗi gwargwadon abin da ya salwanta, ƙasa da haka, asararsa ce. Turawan Ingila sun daɗe kafin su kai nan. Sai a 1863, a shari'ar Taylor da Caldwell, inda zauren kiɗa da aka kama haya ya ƙone kafin ranar wasa, kotun Ingila ta yanke cewa in abin da aka ƙulla magana a kansa ya halaka ba da laifin kowa ba, an sauke wa kowa. Amma tashin farashi ba gobara ba ne. Wanda ya sallama riɗi, ya ji ya yi tsada a Maigatari ya juya wa wani, ya karya yarjejeniya, kuma kotu za ta iya sa shi biyan diyyar asarar da ya jawo.

Kafin alƙalami ma tarko ne. A dokar Ingila, mai sayen da ya fasa yakan yi asarar abin da ya ajiye. Malikiyya kuwa ba su halatta mai kaya ya riƙe shi a kan haka ba. Fili da gona kuma, a nan ne baki kaɗai ba ya isa: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana neman yardar gwamna ko ta ƙaramar hukuma kafin mallaka ta sauya hannu.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yanzu muna jin nauyin cewa a rubuta, kamar zargi ne. Rabin takardar littafin ɗan makaranta ta isa, da boko ko da ajami: sunaye, kuɗi, buhu nawa kuma mai tiya nawa, shanshera ko gyararriya, ranar kawowa, wa zai biya mota da la'ada, da abin da za a yi in ruwa ya zo. Shaidu biyu su sa hannu. In ɗaya bai iya karatu ba, dokar kare marasa karatu ta wajabta a karanta masa a fassara kafin ya dangwala, marubucin kuma ya sa sunansa da adireshinsa a jikin takardar.