Uwargida, Ba Kowace Mujalla Ake Kafa Hujja Da Ita Ba

Sau nawa aka kawo miki wani haɗi ko magani a gidan biki, aka ce “ai a mujalla aka rubuta”? A wurinmu, da zarar abu ya fito a takarda sai a ɗauke shi yankan wuƙa. To, mujallu kashi uku ne, kuma sanin bambancinsu zai iya tsare miki kuɗinki, har ma da lafiyar ɗanki.

Na farko su ne mujallun jama'a, irin wannan da ke hannunki, ko mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999. 'Yan jarida ke rubuta su cikin sauƙin harshe, da hotuna da tallace-tallace. Aikinsu faɗakarwa da nishaɗantarwa. Ki tuna, shafin talla saye aka yi, mai kaya ne ke yabon kayansa.

Na biyu na masu sana'a ne, kamar Pharmanews da ake bugawa a Legas tun 1979 don masu harhaɗa magunguna, ko ƙasidun noma da cibiyar NAERLS ta Zariya ke fitarwa. Idan maigida na noma a Bungudu, ko ke kina kiwon kaji, nan za ki sami bayanin iri da taki da rigakafin dabbobi. Masu aikin ne ke rubuta wa 'yan'uwansu.

Na uku su ne mujallun bincike, irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Sahel Medical Journal ta likitoci a Sakkwato. Ba a buga maƙala a cikinsu sai wasu masana fannin sun tace ta, su ce a gyara ko a yi watsi da ita. Za ki gane su da sunan marubuci da wurin aikinsa, da alƙaluma, da jerin manazarta a ƙarshe. In 'yarki na karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau ko Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe, irin waɗannan ake so ta kafa hujja da su a kundinta.

Mu a Zamfara mun ga amfaninsu da idonmu. A 2010, yara suka riƙa suma da farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da farko an yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Gwajin jini ne ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Binciken da mujallar Environmental Health Perspectives ta buga a 2012 ya nuna cewa a ƙauyuka biyu, ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda. Jaridu sun kai labarin ga duniya, amma bincike ne ya gano musabbabin.

Masana ma kan yi kuskure: mujallar The Lancet ta Ingila ta janye a 2010 wata maƙalar 1998 da ta tsorata iyaye game da rigakafin ƙyanda. Bambancin shi ne, can akwai masu bin diddigi.

Don haka 'yar'uwa, kafin ki ɗura wa yaro abin da kika karanta, tambayi kanki: wa ya rubuta? Wa ya tace? Me yake sayarwa? In amsar ba ta fito ba, naɗe takardar ki kai wa likita ya duba. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.