Gwajin Cikon Juna a Nazarin Gadon Launin Gashin Ɓeraye

A wannan takarda za mu yi bayani ne a kan hanyar da masana ke bi su gane ko nakasa biyu masu kama da juna daga ƙwayar gado ɗaya suka fito, ko kuwa daga ƙwayoyi dabam-dabam. Ido kaɗai ba ya raba wannan gardama, domin kamar da wane ba ta wane ba ce.

Hanyar kuwa ita ce a ɗauko ɓeraye biyu, kowanne yana ɗauke da nakasa ɓoyayya, wato wadda ba ta bayyana sai ɗa ya gaje ta daga uwa da uba duka, a sa su barbara. In 'ya'yan sun fito da cikakken launi, to kowane ɓangare ya cike gurbin da ɗan'uwansa ya bari, ke nan ƙwayoyin biyu ne. In kuwa sun fito da nakasar, ƙwaya guda ce ta lalace.

Tun a shekarar 1904 Darbishire, a Ingila, ya haɗa ɓera zabiya da wani mai jan ido ɗan asalin Japan, sai ga 'ya'ya masu baƙin ido. Yau mun san zabiyanci yana ƙwayar c, mai sarrafa sinadarin tairosines, jan idon kuma yana ƙwayar p. Dukansu a kan kuromosom na 7 suke, kuma a 1915 Haldane da abokan aikinsa suka nuna cewa sukan tafi tare wajen gado.

Amma a ganinmu misalin da ya fi dacewa da aji shi ne na ƙwayoyin d da ash da ln. Ɓerayen nan uku duk gashinsu ya koɗe ya koma ruwan toka, har ɗalibi ya rantse jinsi ɗaya ne. Da an haɗa biyu daga ciki, sai 'ya'yan su fito da launi cikakke. Dalili kuwa, ba melanin suka rasa ba. Abin da ya lalace shi ne jigilarsa daga tsakiyar tantanin da ke yin sa zuwa gefe, inda gashi zai karɓa. Sinadarai uku ke wannan aiki tare, ɗaya daga kowace ƙwaya, saboda haka in ɗaya ya kasa, kaya ba sa isa. Sa'an nan d da ash suna kuromosom na 9, ln kuwa tana na 1.

Sai dai gwajin ba ya aiki a kan nakasa mai rinjaye, kamar launin rawaya da Cuénot ya bayyana a 1905, domin ko ƙwaya ɗaya ce ko biyu, launin zai fito a 'ya'ya.

Wannan ka'ida ta shafi ɗan'adam ma. Takwarar ƙwayar p ce ta fi jawo zabiyanci a Afirka kudu da Sahara, don haka zabiya irin wannan, in ya auri zabiyar da nakasarta ke ƙwayar tairosines, suna iya haifar ɗa mai baƙar fata.