Koyar da Nazarin Balaga ta Hanyar Rubutu a kan Gyaran Shari'a

Gabatarwa

Balaga ita ce gwanintar sarrafa harshe ta yadda magana za ta dace da muhallinta, ta kuma shawo kan mai sauraro. Malaman Larabci sun kasa ta gida uku: ma'ani da bayani da badi'i. Shi kuwa Aristotal, masanin Girka, ya nuna cewa ana rinjayar jama'a ta hanyoyi uku: mutuncin mai magana, da sosa zuciya, da hujjar da hankali zai karɓa. Sau da yawa ɗaliban sakandare kan haddace waɗannan rabe-rabe, amma su kasa gano su a cikin magana. Maganin wannan shi ne a ba su batun da ya shafe su, su tarke shi, sannan su yi rubutu a kansa.

Dalilin Zaɓen Batun

Gyaran shari'a ba baƙon zance ba ne a ƙasar Hausa. Tun ƙarni na 19 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki cin hanci da zaluncin masu mulki a littafinsa Kitabul Farƙi. A ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. A 2015 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi dokar gudanar da shari'ar laifuffuka, wadda daga cikin manufofinta akwai rage jinkirin shari'a. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya haifar da muhawara. Saboda haka ɗalibin da ya tashi a Kekun Waje ko Tsafe ba zai rasa jin ana gardamar adalci ba, ko a kan rikicin gona, ko rabon gado, ko wanda ya daɗe a tsare yana jiran shari'a.

Matakan Koyarwa

Da farko, malami ya kawo matani biyu masu saɓanin ra'ayi a kan batu guda, misali jinkirin shari'a. Ɗalibai su tantance mai magana, da waɗanda yake yi wa, da abin da yake nema daga gare su.

Na biyu, su duba zaɓen kalmomi. Marubucin da ya ce "ɓarawo" ya riga alƙali yanke hukunci, wanda ya ce "wanda ake tuhuma" kuwa ya bar ƙofa a buɗe. Haka nan bayan dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari, aka fara cewa "gidan gyaran hali". Gini ɗaya ne, amma suna na farko yana nuna horo, na biyu yana alƙawarta gyara.

Na uku, su rarrabe hujja da adon harshe. Karin magana da kamantawa da kambamawa suna ƙawata zance, amma ba sa tabbatar da shi. Mai maƙala zai iya cewa "gaskiya dokin ƙarfe ce" alhali bai kawo shaida ko ɗaya ba.

Na huɗu, kowane ɗalibi ya rubuta wasiƙa biyu a kan gyara guda da yake so: ɗaya zuwa ga ɗan majalisar jiha, ɗaya zuwa ga dattawan garinsu. A nan zai ga yadda mai sauraro ke sauya salo.

Kammalawa

Batun shari'a yana taɓa addini da siyasa da iyali, don haka wajibi ne malami ya hana ambaton sunayen masu ƙara, ya kuma ba da maki bisa ingancin hujja da tsarinta, ba bisa ɓangaren da ɗalibi ya goyi baya ba. Ɗalibin da ya samu wannan horo yakan tambayi hujja kafin daɗin baki ya ɗebe shi.