Wa Ke Zaɓa Mana Fim? Nazari Kan Yadda Kallon Bahaushe Ya Faɗaɗa

A shekaru goma sha da suka wuce, abin da Bahaushe ke kallo ya sauya fiye da yadda ya sauya a shekaru hamsin kafin su. Matashin da ya tashi bai san komai ba sai Indiya, Canis da fim ɗin Hausa, yau wayarsa cike take da na Turkiyya, Koriya, Filifin da kudancin Indiya. Wannan buɗi ne na gaske. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: wane ne ke zaɓa mana abin da muke kallo, kuma yawan nan da muke gani, da gaske iri-iri ne, ko abu guda ne yake sauya riga?

Asalin abin

Tun farko mai kallo ba shi ke da zaɓi ba. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, sannan Palace ta biyo baya a farkon shekarun 1950. Kwarori 'yan Labanan da ke riƙe da harkar su ne suka shigo da finafinan Indiya, kuma Hausawa suka karɓe su hannu bibbiyu. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba. Ba a jin Hindi, amma ana gane auren dole, ladabi ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, da zaluncin mai kuɗi a kan talaka. Har laƙabi aka raɗa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya yi bayanin wannan shaƙuwa a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Da bidiyo ya shigo gidaje, zaɓin ya koma hannun 'yan kasuwar kaset da masu shagon haya. A wannan zamanin ne aka haifi masana'antar finafinan Hausa, da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiya: abin da dillalanta suka saya suka buga, shi zai isa Zariya, Maraɗi da Zangon Kumasi.

Abin da ya buɗe ƙofa

Dalili na farko wayar hannu ce da ɗan katin memori. Shagon tura finafinai ya maye gurbin shagon haya. Ka duba kowace unguwa: ɗan kanti ne mai benci, da kwamfuta, da tarin wayoyi a jone suna jiran layi. Mai shago zai tambaye ka, “Na faɗa ko na soyayya? Mai fassara ko maras fassara?” Da kuɗi kaɗan za a cika maka waya, kai kuma ka tura wa abokai ta manhajar Xender ba tare da sayen data ba.

Na biyu, kuma mafi ƙarfi, shi ne fassara. Tun da kamfanoni irin su Algaita suka fara ɗora muryar Hausa a kan finafinan waje, katangar harshe ta rushe. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana bin labari tiryan-tiryan. Fassara ce ta kawo mana finafinan Telugu da Tamil na kudancin Indiya, har Prabhas da Allu Arjun suka yi kafaɗa da Shah Rukh Khan a bakin yara. Baahubali na 2015 da Pushpa na 2021 ta wannan hanya suka shiga lungu da saƙo.

Na uku, duniyar ce da kanta ta sauya. Turkiyya ta zuba dukiya a wasannin tarihi masu dogon zango. Diriliş: Ertuğrul, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019, ya samu karɓuwa a wajenmu saboda ya haɗa jarumtaka da addini da suturar da iyali za su iya zama tare su kalla. Koriya ta Kudu ta shigo da Jumong na 2006, fim ɗinta Parasite ya lashe babbar kyautar Oscar a 2020, Squid Game ya biyo baya a 2021. Netflix ya iso Nijeriya a Janairun 2016, tauraron ɗan'adam ya kawo Zee World da makamantanta, YouTube kuwa ya buɗe wa kowa kyauta.

Ribar da aka samu

Idon mai kallo ya buɗe. Wanda ya ga yadda 'yan Koriya ke ƙulla labari, ko yadda Turkawa ke tsara sutura da filin yaƙi, ba zai ƙara yarda da fim ɗin da aka ɗauka a falo ɗaya cikin kwana uku ba. Wannan matsin ya taimaka wajen tura masu shirya finafinanmu ga dogon zango. Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Labarina na Aminu Saira da Izzar So sun nuna cewa in an gyara aiki, Bahaushe zai jira mako guda don ganin ci gaban labarinsa. Harkar ta kuma samar wa dubban matasa abin yi, daga mai turi zuwa mai fassara da mai haɗa sauti.

Hasarar da ta biyo

Ta farko a fili take: kasuwar faifai ta mutu murus, kuma yawancin abin da ake turawa ba da izinin masu shi ba ne. Mai shirya fim ɗin Hausa da ya ci bashi ya yi aiki yana gogayya da fim ɗin da aka kashe wa biliyoyi, wanda ake samu kusan kyauta.

Ta biyu ta shafi tarbiyya. A da talabijin ɗaya ce a tsakar gida, uba na ji, uwa na gani. Yanzu kowane yaro da allonsa a ƙarƙashin bargo. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana iya sa ido a kan abin da aka shirya a gida, amma hannunta ba ya kai wa ga abin da ke yawo daga waya zuwa waya. Ga kuma wasu masu fassara da ke cusa barkwanci da baƙar magana inda babu su, har ma'anar labari ta karkace.

Ta uku ita ce ta fi damuna, domin ba a lura da ita. Ƙasashen sun yawaita, amma nau'in bai yawaita ba. Mai turi yana ajiye abin da ya fi fita ne, mai fassara yana zaɓar abin da zai mayar masa da kuɗinsa, manhajar YouTube kuma tana ƙara miƙo maka irin abin da ka kalla jiya. Sakamakon haka, daga Istanbul har Hyderabad, abu biyu muke ta juyawa: ɗaukar fansa da soyayyar mai kuɗi da talaka. Finafinan da ke bin rayuwar ƙananan mutane, da na tarihin gaskiya, da na binciken ilimi, ba su da mai kawo su.

Ga misali. A 1997 Majid Majidi na Iran ya yi Children of Heaven, labarin yaron da ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka riƙa karɓa-karɓa da nasa guda ɗaya don kada mahaifinsu matalauci ya sani. Ita ta je makarantar safe, ta sheƙo a guje ta cire masa a lungu, shi ya zura ya ruga tasa. Babu gidan Bahaushen da wannan labari ba zai taɓa ba, amma da wuya ka same shi a shagon turi.

Abin ya fi ciwo in aka dubi maƙwabta. Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, da Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya ƙara aure. Med Hondo ya ci wannan kyauta a 1987 da Sarraounia, tarihin sarauniyar Lugu ta yankin Dogondutsi wadda ta tari rundunar Faransa a 1899. Mahamat-Saleh Haroun na Cadi ya karɓi kyautar alƙalai a bikin Cannes a 2010. A nan gida ma, Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, matasa ƙalilan ne suka taɓa ganinsa. Mun san sarakunan Koriya na dā da sunayensu, ba mu san jarumar da ke bayan gidanmu ba.

Mafita

Rufe ƙofa ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne alheri ba. Abin da ake buƙata shi ne masu zaɓe na gari. Kamfanonin fassara sun riga sun mallaki ƙwarewa da amincewar jama'a. Su nemi izini a hukumance, su kuma ware wani kaso na aikinsu ga finafinan Afirka da na Iran da na tarihi. Tashoshinmu na talabijin su keɓe dare guda a mako ga fim ɗin wata ƙasa, da ɗan sharhi kafin a fara. Sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo, irin na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, su buɗe zauren kallo da tattaunawa ga jama'ar gari. Masu rubutu kuma su raya sharhin fim da Hausa, wanda zai gaya wa uba abin da ya dace da 'ya'yansa, ya gaya wa matashi abin da ya cancanci datarsa.

Shi ma mai kallo da nasa aikin. Ya koyi tambayar wanda ya ba da umarnin fim, ba jarumi kaɗai ba, ya bi sawun sauran ayyukansa. Ya riƙa neman abin da babu a shago, domin ɗan kasuwa ba ya ajiye hajar da ba a tambaya. Ranar da mutum goma suka nemi Sarraounia a wajen mai turi ɗaya, zai nemo ta, mai fassara kuma zai ji labari.