Tsibiran Damina a Jigawa da Giɓin da Bincike Ya Bari

Jihar Jigawa ba ta da teku, amma duk shekarar da ruwa ya yi yawa takan samu tsibirai. Tsakanin Agusta da Satumba, idan Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Ringim, Taura, Jahun, Miga, Kafin Hausa da Auyo sukan zama tudu kewaye da ruwa, ba shiga ba fita sai da kwalekwale. Ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, ta yi wa wannan yanki mummunar ɓarna. Hatta Karnaya da ke ƙaramar hukumar Dutse ba ta tsira ba, domin gidajen ƙasa da yawa sun zube a can.

Maganin da aka saba kawowa shi ne jinga, buhunan yashi da magudanun kankare. Akwai kuma wata hanya da ake ƙara rungumarta a duniya: kare gari da halittun da Allah ya hore wa wurin, wato itatuwa, ciyayi, fadamu da tafkuna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ma'anar wannan tsari a taron muhalli na Nairobi a 2022. A tsibiran teku irin su Fiji, itatuwan bakin gaɓa ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa. A Jigawa fadama ce ke wannan aiki. Takan shanye rarar ruwan kogi, ta riƙe shi, ta sake shi sannu a hankali, ta cika rijiyoyi, sannan ta bar danshin noman rani da ciyawar makiyaya.

Manoman yankin ba baƙin wannan ilimi ba ne. Sukan bar gamba a kan iyakar gona ta riƙe ƙasa, rani ya yi a yanke ta a saƙa zana. Jema takan kama bakin fadama da dogayen saiwoyinta. Gawo kuwa yakan kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya hana gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo. Faɗin wane irin shingen jema ne zai hana bakin kogi zaftarewa a ƙasa mai rairayi? Kwana nawa dashen giginya ko goruba zai jure tsayuwar ruwa? Eka nawa na fadama ya kamata a bar wa ruwa domin gari guda ya tsira? Injiniyan kankare yana da alƙaluma a hannunsa, mai cewa a dasa ciyawa kuwa sau da yawa sai fatar baki. Shi ya sa ranar kasafin kuɗi kankare ke rinjaye.

Ba wai ba a taɓa nazari ba. Tun 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, kuma a shekarun 1990 masana tattalin arziki sun nuna cewa ruwan da ya malala cikin dausayin ya fi kawo amfani, ta hanyar noma, su da itacen girki, a kan kwatankwacinsa da aka karkatar zuwa manyan ayyukan ban ruwa na Kano. Sai dai hankalin masu bincike ya fi karkata can gabas, wajen Baturiya da Nguru inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. Tsakiyar jihar, wadda ruwan ke fara ratsawa, ba ta samu irin wannan kulawa ba.

Ciyawar kachala ita ce babbar shaida cewa ba kowane kore ne alheri ba. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma yana gudana kusan duk shekara. Kachala ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa. Ruwan da ya rasa hanya sai ya nufi gari. Mutane kan yi gayya su shiga da lauje da adda, ruwa har ƙirji, gwamnati ma takan sa injinan yashe kogi, amma ba a jimawa ta sake tohowa. Yadda za a daidaita sakin ruwa daga madatsun domin kogi ya riƙa bushewa na wani lokaci, ba tare da an cuci masu noman rani ba, tambaya ce da ke jiran amsa mai hujja.

Giɓi mafi wuya ba na ƙasa ko ruwa ba ne, na mutane ne. Idan an ce a bar wa ruwa fadama, gonar wa za a bari, wa kuma zai biya shi? Wa ya mallaki itacen da aka dasa a bakin burtali? A yankin Maraɗi, farfaɗo da itatuwa daga kututture ya bunƙasa tun shekarun 1980 ne saboda manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne.

Kayan aikin cike wannan giɓi suna nan kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa suna zaune a tsakiyar matsalar, ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa. Ya kamata kowane aikin dashe ko yashe kogi ya ware kuɗin awo na shekaru da dama, a kafa ma'aunin ruwa a ƙauyukan da ambaliya ke yankewa, a kuma rubuta abin da masunta, manoma da makiyaya suka sani game da hanyoyin ruwa tun dattawan da suka ga kogin kafin Tiga suna raye.