Malam Zurƙe a Cikin Jimlar Turanci

Turanci nake koyarwa a wata sakandare a Kurfi. Tun muna ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma aka nuna mana wata dabarar Turawa: a ɗauki sunan mutumin da aka ƙaga a littafi, a laƙaba wa mai rai. A 1843 Charles Dickens ya ƙirƙiro wani tsoho marowaci mai suna Scrooge. Har yau in Bature na son ya ce wane maƙo ne da shi, sai ya sa ɗan harafin "a" gaban sunan, ya ce wane "a Scrooge" ne. Harafin nan shi ke ɗauke da aikin. In babu shi, tsohon cikin littafi ake nufi. In da shi, duk mai irin halinsa. In marowatan na da yawa, a ƙara "s" a ƙarshe. Wani sunan ma yakan daɗe a baki har ya yar da babban baƙinsa. Daga Don Quixote na Cervantes, wanda ya fito a Sifen a 1605, Turanci ya samu "quixotic", wato mai dogon burin da ba zai taɓa cika ba.

Yaranmu na haddace waɗannan don jarrabawa, alhali ko bangon littattafan ba su taɓa gani ba. Ni kam na fi son in ga Malam Zurƙe a takardunsu.

Zurƙe ɗan Muhamman yana cikin Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malami a Midil ta Katsina, don gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Zurƙe ne abokin burmin Alhaji Imam, jarumin littafin: duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya ɗana wa ɗaya tarko, wanda ya sha wuya ya tafi yana shirin ramuwa. Daga Kurfi har Dutsin-Ma ban taɓa jin an raɗa wa jariri wannan suna ba, kuma nan amfaninsa yake. Ka ce Musa, a tambaye ka wane Musa. Ka ce Zurƙe, mutum ɗaya ne tak.

Sai dai mai duba takardar WAEC yana iya zama mutumin Inugu ko Ibadan, wanda bai san Imam ba balle Zurƙe. Shi ya sa nake ce wa yara, karon farko da sunan ya fito, su bi shi da gajeren bayani tsakanin waƙafi biyu: wane ne, daga wane littafi. Bayan nan su sake shi ya yi tafiyarsa shi kaɗai. Babban baƙi ya zauna, ƙugiyar "ƙ" ma ta zauna, ko da yake Turanci ba shi da ita. Wanda ya cire wa Ƙoƙi matar Gizo ƙugiyoyinta, wata mata daban ya rubuta.

Irin wannan suna yana iya ƙetara teku. Ananse na mutanen Akan a Gana ya bi bayi zuwa Jamaika, yau masu Turanci da yawa sun san shi da Anansi. Gizo, ɗan'uwansa a wayo, bai yi wannan sa'a ba.

Babban aikin dai a aji yake, domin da yawa cikin 'yan ajina ba su karanta Ruwan Bagaja ba. In na ce Zurƙe, sai kallon-kallo. In na ce Ibro, aji ya ɓarke da dariya, duk da mai sunan, Rabilu Musa, ya rasu tun 2014. To, da Ibro nake buɗe darasin, kowa ya gina jimlarsa da "an" a gaba tunda sunan da wasali ya fara, sannan in aiki monita ofis ya ɗauko mana littafin Imam.